Abdulmalik ɗan Marwan: Halifan da ya buga surarsa a dinari, ya dawo ya shafe ta



Ɗalibin da ya kai babin zakka a Risalar Ibn Abi Zaid ya san dinari ashirin da dirhami ɗari biyu, ya kuma haddace ƙa'idar cewa nauyin dirhami goma shi ne nauyin dinari bakwai. Waliyyin da ya taɓa zaman yanke sadaki, a Jajaye ne ko a cikin Karaye ko Rogo, ya ji liman yana tunatarwa cewa kada a gaza rubu'in dinari. Yawancinmu ba mu taɓa riƙe dinarin nan a hannu ba, amma yana nan ajiye a gidajen tarihi na Alƙahira da Landan da wasu birane, kuma da malaman wannan zamani suka tashi mayar da nisabi zuwa giram, shi suka ɗora a kan sikeli. Wanda ya sa aka buga shi shi ne Abdulmalik ɗan Marwan, halifa na biyar a daular Banu Umayya, a shekara ta 77 bayan Hijira. Kafin ya kai ga wannan dinari mai rubutu zalla sai da ya yi kusan shekara biyar yana gwaji, a buga a sake, kuma cikin abin da ya gwada har da surar kansa, yana tsaye da hannunsa a kan takobi.

An haife shi a Madina a zamanin halifancin Sayyidina Usman (RA), kuma shekarar da ta fi shahara a wajen masu tarihi ita ce ta 26. Mahaifinsa Marwan ɗan Hakam shi ne magatakardan Usman, mahaifiyarsa kuwa A'isha 'yar Mu'awiya ɗan Mugira, ita ma daga zuriyar Umayya. Yana ɗan shekara kamar goma aka kewaye gidan Usman aka kashe shi, yaron yana garin, yana ganin abin da ke faruwa da danginsa. Masu tarihi da dama suna ganin wannan rana ce ta dasa masa ra'ayin da ya riƙe har ya mutu, cewa mai mulkin da ya yi sanyi, to, a gidansa za a same shi.

A samartakarsa ba wanda ya yi masa kallon mai zubar da jini. Mutumin masallaci ne, mai yawan nafila da tilawa, har aka yi masa laƙabi da kurciyar masallaci. Ya ji hadisi daga sahabbai irin su Abu Huraira da Jabir ɗan Abdullahi da Abu Sa'id al-Khudri, kuma akwai malaman Madina da suka jera sunansa tare da Sa'id ɗan Musayyib da Urwa ɗan Zubair da Ƙabisa ɗan Zu'aib a matsayin masana fiƙihun garin. Wannan ba yabon fadawa ba ne, domin Imam Malik da kansa ya kawo hukuncinsa a cikin Muwaɗɗa yana kafa hujja da shi, kamar hukuncin da ya yanke cewa wanda ya tilasta wa mace ya afka mata sai ya biya ta sadakinta. A zamanin Mu'awiya (RA) an ba shi riƙon diwanin Madina, inda ya koyi lissafin albashin mayaƙa da rubutun dukiya, ilimin da ya yi masa rana daga baya.

A shekara ta 63 mutanen Madina suka warware mubaya'arsu ga Yazid, suka kori Banu Umayya daga garin. Ɗabari ya ruwaito cewa da korarrun suka haɗu da rundunar Sham a hanya, Abdulmalik ne ya ba kwamandanta Muslim ɗan Uƙba shawarar ta inda zai ɓullo wa garin. Abin da ya biyo baya shi ne yaƙin Harra, wanda har yau ba a ambatonsa sai da baƙin ciki. Daga nan al'amura suka yi sauri. Yazid ya mutu a 64, ɗansa Mu'awiya na biyu ya bi shi ba da daɗewa ba, Abdullahi ɗan Zubair (RA) ya karɓi mubaya'a a Makka, Hijaz da Iraƙi da Masar suka bi shi. Ƙabilun Sham da suka rage tare da Banu Umayya suka naɗa Marwan, ya yi nasara a Marj Rahiɗ, ya ƙwato Masar, ya rasu a Ramadan na shekara ta 65, wato 685 Miladiyya. Aka yi wa Abdulmalik mubaya'a yana riƙe da Sham da Masar kawai.

Akwai labarin da ake yawan kawowa cewa saƙon sarauta ya same shi da Alƙur'ani a cinyarsa, ya rufe shi ya yi masa sallama. A riƙa tunawa cewa yawancin littattafan da suka kawo irin wannan a zamanin Abbasawa aka rubuta su, waɗanda suka tumɓuke gidansa. Duk da haka akwai abubuwan da ba a musu a kansu. Ɗan uwansa Amru ɗan Sa'id al-Ashdaƙ ya yi masa tawaye a Dimashƙa, ya ba shi aminci, bayan ya sakankance ya kashe shi. Ya fita da kansa zuwa Iraƙi a shekara ta 72 ya yaƙi Mus'ab ɗan Zubair, abokinsa na ƙuruciya, aka kashe Mus'ab. Ya tura Hajjaj ɗan Yusuf Makka, aka kafa majaujawa a kan dutsen Abu Ƙubais, aka tsare garin watanni, har aka kashe Ibn Zubair a shekara ta 73. Malamai irin su Zahabi da Suyuɗi suna ganin Ibn Zubair ne halifa na gaskiya har ranar da aka kashe shi, halifancin Abdulmalik bai inganta ba sai bayan nan. A wannan lokaci ne Abdullahi ɗan Umar (RA), wanda ya ƙi shiga kowane ɓangare, ya rubuta masa takardar mubaya'a, kuma takardar tana cikin Bukhari da Muwaɗɗa.

Kuɗin da Musulmi suka tarar

Domin a gane abin da ya yi wa kuɗi, sai an san abin da ke cikin aljihun Musulmi kafin shi. Larabawan Hijaz ba su da gidan buga kuɗi. Zinariyar da Ƙuraishawa suke kawowa daga fataucin Sham ta Rumawa ce, nauyinta kusan giram 4.5, a fuska ɗaya surar sarkin Rum, a ɗaya fuskar gicciye a tsaye a kan matakala. Azurfar kuwa ta Farisawa ce, faffaɗa marar kauri, ɗauke da kan Kisra da kambinsa, a bayanta kuma murhun wutar Majusawa da masu gadinta biyu. Da waɗannan Manzon Allah (SAW) da sahabbansa suka yi ciniki, da su aka ba da sadaki, daga cikinsu aka fitar da zakka. Ba a kula da abin da aka zana a kansu, awonsu ake yi kamar yadda ake auna ɗanyar zinariya. Wannan ma yana cikin hujjojin malaman da suka sauƙaƙa kan ɗaukar kuɗi mai hoto, har a cikin salla.

Da aka ci ƙasar Farisa, maƙeran kuɗin ba su tashi ba, gwamnonin Musulmi suka bar su suna buga kan Kisra yadda suka saba. Daga shekara ta 31 aka fara ƙara Bisimilla da haruffan Larabci a gefen dirhamin, daga baya gwamnoni irin su Ziyad da ɗansa Ubaidullahi suka riƙa sa sunayensu da rubutun Farisanci a wurin sunan Kisra, fuskar dai tana nan tasa. Wani tarihi da Kiristocin Sham suka rubuta a wancan ƙarni ya ce Mu'awiya ya gwada buga zinariya da azurfa amma mutane suka ƙi karɓa saboda babu gicciye. Ko'ina haka kasuwa take, abin da idonta ya saba da shi take yarda da shi.

Yaƙin basasa ne ya mayar da tsabar kuɗi allon da'awa. Mafi daɗewar kuɗin da aka samu mai ɗauke da shaidar manzancin Annabi Muhammad (SAW) dirhami ne da wani gwamnan Ibn Zubair ya buga a Bishabur ta ƙasar Farisa a shekara ta 66. Shugaban Khawarijawa Ƙaɗari ɗan Fuja'a ma ya buga nasa da takensu. A zamanin da babu jarida babu rediyo, abu biyu ne ke kai sunan mai mulki ga talaka: huɗubar Juma'a da kuɗin da ke hannunsa. Abdulmalik ya ga abokan hamayyarsa sun riga shi gane haka.

Ga kuma Rumawa a arewa. Saboda hannunsa na cikin rikicin gida, dole ta sa ya nemi sulhu da sarkinsu Jastiniyan na biyu, kuma Ɗabari ya ce ya amince da biyan dinari dubu kowace Juma'a. Halifan Musulmi yana biyan Kirista kuɗin zaman lafiya, da zinariyar da ke ɗauke da gicciye da fuskar sarkin Rum. Balazuri ya kawo musabbabin ɓacin sulhun ta wata fuska. Takardar rubutu a lokacin a Masar ake yin ta da wata irin ciyawar bakin Nilu, Rumawa suna saye, kuma Kibɗawan da ke sana'ar sun saba buga kalmomin aƙidar Kirista a goshin kowane naɗi. Abdulmalik ya sa aka maye gurbinsu da kalmar tauhidi. Sarkin Rum ya aiko da barazanar cewa in ba a janye ba zai sa a rubuta abin da Musulmi ba za su so ji ba game da Annabinsu a kan dinarin da suke kashewa. Khalid ɗan Yazid ɗan Mu'awiya ya ba halifa shawarar ya haramta dinarinsu ya buga nasa. Wasu littattafan na baya sun danganta shawarar ga Muhammad al-Baƙir. A cikin waɗannan shekaru ne kuma Jastiniyan ya yi abin da babu sarkin Rum da ya taɓa yi a kuɗin yau da kullum: ya sa surar da suke cewa ta Annabi Isa (AS) ce a fuskar zinariyarsa, shi kuma ya koma baya yana tsaye riƙe da gicciye. Sulhu ya warware, aka gwabza a Sibastubulis wajen shekara ta 73, Muhammad ɗan Marwan, ƙanen halifa, ya yi nasara.

Shekarun gwaji

Abin da littattafai suka taƙaita a layi biyu, kuɗaɗen da suka rage sun nuna shi daki-daki, domin yawancinsu suna ɗauke da shekarar bugu. Gwajin farko a zinariya, wajen shekara ta 72, kwaikwayon tsohon dinarin Hiraƙla ne mai mutum uku a tsaye, sarki da 'ya'yansa biyu. Aka bar mutanen, aka cire ƙananan gicciyen da ke kan kambinsu da sandunansu. A baya aka bar matakalar, amma aka yanke hannun gicciyen ya koma sanda mai dunƙule a ka, aka kewaye shi da kalmar shahada da Larabci. Dabara ce ta wanda ya san kasuwa: ɗan kasuwa ya ga abin da ya saba gani daga nesa, sai ya matso ya ga an sauya masa ma'ana. Matsalarsa ita ce mutum ukun nan har yanzu Rumawa ne, ko an cire musu gicciye.

A shekara ta 74 aka ɗauki mataki na gaba. Aka kawar da Hiraƙla da 'ya'yansa, aka sa mutum ɗaya a tsaye yana fuskantar mai kallo, mai gemu da gashi har kafaɗa, sanye da doguwar riga irin ta Larabawa, hannunsa na dama a kan ƙotar takobin da ke cikin kube. Babu kambi, babu karaga. Kalmar shahada ta kewaye shi, a baya kuma sandar nan a kan matakala da shekarar bugu. An ci gaba da buga wannan a 75 da 76 har cikin 77. Irinsa na jan ƙarfe, wanda shi ne kuɗin cefanen talaka, an buga shi a garuruwa fiye da goma na Sham da Jazira, cikinsu har da Dimashƙa da Hims da Halab da Ƙinnasrin da Amman da Harran da Ƙudus, kuma da yawa daga cikinsu an rubuta sunan Abdulmalik da laƙabinsa na Amirul Muminina kewaye da surar, ta yadda ba a shakkar ko wane ne. Mai zanen ya yi tunani a kan kowane abu. Sarkin Rum yana riƙe da gicciye, halifa yana riƙe da takobi. Sarkin Rum yana cikin kayan fada, halifa yana cikin shigar limamin da ya hau mumbari ranar Juma'a.

A azurfa gwajin ya fi yawa, ya kuma fi ban mamaki. Dimashƙa, wadda ba ta saba buga azurfa ba, ta fara fitar da dirhami mai kan Kisra daga shekara ta 72. A 75 aka fitar da wani mai kan Kisra a gaba, halifa a tsaye da takobinsa a baya, a gurbin murhun wuta, wato sarakuna biyu na addini biyu a ƙarfe ɗaya. A Kufa da Basra, inda wani ƙanen halifa, Bishr ɗan Marwan, yake gwamna, an cire murhun aka sa mutum a tsaye ya ɗaga hannuwa kamar mai addu'a ko huɗuba, mutum biyu a gefensa. Akwai kuma wani dirhami da aka zana mashi a tsaye a ƙarƙashin wata baka, wanda masana da yawa suka fassara da mihrabi da sandar da liman ke kafawa a gabansa. Duk waɗannan a cikin ɗan ƙanƙanin lokaci aka yi su, kuma suna nuna gwamnatin da ke neman amsar tambaya ɗaya: da wace sura daular Musulunci za ta gabatar da kanta?

Maƙrizi, malamin tarihin Masar, ya ruwaito cewa da kuɗin Abdulmalik masu sura suka isa Madina, sauran sahabban da ke raye ba su ƙi komai a cikinsu ba sai zanen, saboda surar da ke ciki, kuma Sa'id ɗan Musayyib yana saye da sayarwa da su. Abdulmalik ɗan garin ne, a gaban waɗannan mutane ya yi karatu, ya san hadisan da suka zo kan masu yin surori kamar yadda suka san su. Sai dai ina ganin ba fiƙihu kaɗai ya sa ya juya ba. Surar mutum da takobi ba ta faɗi abin da ya raba Musulmi da Rumawa ba, sarki ne kawai a gurbin wani sarki, kuma a wannan fage Rumawa sun fi ƙwarewa da shekaru ɗaruruwa. Sannan daularsa ta haɗa ƙasashe biyu masu al'ada biyu, yamma masu zinariyar Rum, gabas masu azurfar Farisa, duk surar da aka aro daga ɗaya baƙuwa ce a wajen ɗayar. Ga kuma abin da ya riga ya gani a Ƙudus. Ƙubbatus Sakhra, wadda ya gina ƙarƙashin kulawar Raja'u ɗan Haiwa da Yazid ɗan Sallam, rubutunta yana ɗauke da shekara ta 72, kuma babu surar mutum ko dabba ko ɗaya a cikinta. Abin da ke kewaye da cikinta rubutu ne mai tsawon kusan mita 240, na ayoyin tauhidi da matsayin Annabi Isa (AS) na bawan Allah kuma manzonsa. Ginin ya nuna cewa haruffa za su iya ɗaukar abin da wasu al'ummai ke ɗora wa hoto.

Dinarin shekara ta 77

A cikin shekara ta 77 ɗin, wadda ta yi daidai da 696 zuwa 697 Miladiyya, aka daina buga halifa mai takobi, aka fito da dinarin da babu komai a kansa sai rubutu. A tsakiyar fuska ɗaya kalmar tauhidi, kewaye da ita shaidar manzanci da ma'anar aya ta 33 ta Suratut Tauba. A ɗaya fuskar kalmomi daga Suratul Ikhlas, kewaye da su Bisimilla da shekarar bugu. Dirhami ya bi sahu cikin shekara biyu, tare da ƙarin sunan garin da aka buga shi. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne abin da babu. Mutumin da ya yi shekara uku yana yaɗa surarsa da sunansa bai bar ko sunan nasa a sabon dinarin ba. Saboda haka da ya mutu ba a sake komai ba sai shekara, kuma haka kuɗin ya zauna har faɗuwar daular a 132. Sai a zamanin Abbasawa sunayen halifofi suka sake hawa kan dinari da dirhami. Dinarin mai sura kuwa an narkar da shi aka sake bugawa, shi ya sa 'yan kaɗan ƙwarai suka rage a duniya.

Gyaran bai tsaya a zane ba, kuma nan ne ya shafi ibadarmu kai tsaye. An rage nauyin dinari daga na Rumawa aka daidaita shi da miskali, giram 4.25. Dirhamai a da nauyinsu ya sha bamban, akwai babba mai daniƙi takwas da ƙarami mai daniƙi huɗu, abin da ke kawo saɓani wajen zakka da haraji, mai karɓa yana son babba, mai bayarwa yana miƙa ƙarami. Aka tsaya a tsakiya, daniƙi shida, yadda dirhami goma zai yi nauyin miskali bakwai. Wasu ruwayoyi sun ce Sayyidina Umar (RA) ne ya fara ƙayyade wannan lissafi, Abdulmalik kuma ya mayar da shi ƙarfe da ake riƙewa a hannu. Daga nan ne aka sami alƙaluman da ake sanarwa a yau: dinari ashirin giram 85 na zinariya, dirhami ɗari biyu giram 595 na azurfa, rubu'in dinari giram ɗaya da 'yar ɗoriya, diyyar rai dinari dubu, wato giram 4,250.

A Iraƙi Hajjaj ne ya zartar da tsarin da irin hannunsa da aka sani, ya hana kowa buga kuɗi sai gidan bugun hukuma, kuma garin Wasiɗ da ya gina ya zama babbar cibiyar buga dirhami. Ba kowa ne ya yi murna ba. Wasu malamai sun ƙi sababbin dirhaman, har aka riƙa kiransu makaruhai, don suna ganin ayar Alƙur'ani za ta shiga hannun mai janaba da mai haila da wanda ba Musulmi ba. Wato an gudu daga matsalar sura an faɗa matsalar tsarki. An kai wannan kuka gaban Umar ɗan Abdul'aziz a zamaninsa, aka nemi ya sa a goge rubutun, ya ƙi, yana ganin abin kunya ne sauran al'ummai su ce Musulmi sun share tauhidin Ubangijinsu da sunan Annabinsu daga kuɗinsu. Aikin mutane ya ci gaba a kan haka, kuma dinarin ya sami karɓuwar da har wani sarki a Ingila mai suna Offa, a ƙarni na 8 Miladiyya, ya kwaikwayi dinarin Abbasawa na shekara ta 157 da kalmar shahadarsa duka, ya soka sunansa a tsakiya, rubutun Larabcin yana kife.

Mu a ƙasar Hausa wuri muka daɗe muna ƙirgawa, wanda ba ya ɗauke da fuskar kowa, miskali kuma ya zauna a matsayin ma'aunin zinariya da lissafin malamai. Kuɗi mai sura da ya fara yawo sosai a kasuwanninmu shi ne azurfar Mariya Tereza ta Ostiriya, mai kan mace da shekarar 1780, wadda Bature matafiyi Barth ya tarar ana canza irinta da wuri 2,500 a Kano a 1851. Da Turawa suka kawo anini da kwabo masu huda, hudar ba ta bar wurin fuska ba, sai sunan sarkin Ingila da rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin, amma sulen da ya fito a 1913 yana da kan Sarki Joji na biyar. Ɗansa Edwad na takwas ya yi ta ja-in-ja da maƙeran Landan kan wane gefen fuskarsa za a zana, ya nace sai na hagu duk da al'adarsu ta juya fuskar kowane sabon sarki, aka buga na gwaji, ya sauka daga mulki a Disamba 1936 kafin a fitar da su. Kwabonmu mai huda na wannan shekara yana cikin 'yan kuɗaɗen da suka shiga kasuwa da sunansa. Naira kuwa ba ta ɗauki fuskar wani shugaba ba sai a 1977, da aka sa Janar Murtala Muhammad a takardar naira ashirin, kuma muhawarar da ta tashi a 2007 da aka cire ajami daga ƙananan takardu ta nuna cewa har yanzu mutane suna karanta kuɗinsu.

Sauran mulkinsa

Abin da ya yi wa kuɗi shi ya yi wa ofisoshin gwamnati. Littattafan haraji a Iraƙi da Farisanci ake rubuta su, a Sham da Girkanci, a hannun iyalan da suka gaji aikin tun kafin zuwan Musulunci. Salih ɗan Abdurrahman ya mayar da na Iraƙi zuwa Larabci a ƙarƙashin Hajjaj, Sulaiman ɗan Sa'ad ya mayar da na Sham a shekara ta 81, Masar ta biyo baya a zamanin ɗansa Walid. Ya gyara hanyoyi da tsarin aika saƙo, kuma an tono duwatsun alamar nisa masu ɗauke da sunansa a hanyoyin Ƙudus da Dimashƙa. A yamma Hassan ɗan Nu'uman ya ci Ƙarɗajanna a 698 Miladiyya, abin da ya tabbatar da Musulunci a Afirka ta Arewa, inda daga baya fatake da malamai suka ƙetaro Sahara zuwa gare mu.

Hajjaj shi ne nauyin da ke wuyansa a tarihi. Ya bar shi a kan Iraƙi duk da kukan da ake kawowa, ko da yake da Anas ɗan Malik (RA), hadimin Manzon Allah (SAW), ya rubuto yana ƙarar cin mutuncin da Hajjaj ya yi masa, halifa ya aika wa gwamnan da wasiƙa mai zafi ya tilasta masa ba da haƙuri. Tawayen Ibn Ash'as, wanda malamai da makaranta Alƙur'ani da yawa suka shiga, cikinsu har da Sa'id ɗan Jubair da Sha'abi, an murƙushe shi a Dairul Jamajim. Ka'aba ma ya sa Hajjaj ya rushe ƙarin da Ibn Zubair ya yi ya mayar da ita yadda Ƙuraishawa suka gina, yana zaton Ibn Zubair ƙirƙira ya yi. Muslim ya ruwaito cewa da Haris ɗan Abdullahi ya tabbatar masa cewa shi ma ya ji hadisin daga Nana A'isha (RA), sai ya yi shiru yana tona ƙasa da sandarsa, ya yi fatan da ya bar ginin yadda ya same shi.

Fadawa sun san shi da riƙon kuɗi, har suka yi masa laƙabi da gumin dutse. Sun kuma san shi da fasahar harshe da ƙin kuskuren nahawu, majalisarsa tana tara mawaƙa irin su Akhɗal da Jarir, da malamai irin su Sha'abi da Zuhri tun yana saurayi.

Mahaifinsa ya yi wasiyya cewa bayan Abdulmalik sai ɗan uwansa Abdul'aziz, gwamnan Masar. Abdulmalik ya so ya sauya wannan don 'ya'yansa, Abdul'aziz ya ƙi, mutuwa ta raba gardamar da ta ɗauke Abdul'aziz kafin shi. Nan take ya nemi a yi wa Walid da Sulaiman mubaya'a a jere. A Madina Sa'id ɗan Musayyib ya ƙi yin mubaya'a biyu alhali halifa yana raye, gwamna Hisham ɗan Isma'il ya sa aka yi masa bulala aka zaga gari da shi. Abdulmalik ya rasu a Dimashƙa a tsakiyar Shawwal na shekara ta 86, Oktoba 705 Miladiyya, yana da shekara kamar sittin, bayan shekara 21 daga ranar da aka yi masa mubaya'a a Sham da shekara 13 daga kashe Ibn Zubair. Walid ya yi masa salla, aka binne shi a wajen ƙofar Jabiya. 'Ya'yansa huɗu, Walid da Sulaiman da Yazid da Hisham, duk sun yi halifanci, a tsakaninsu kuma ɗan wancan Abdul'aziz ɗin da ya so ya ture, wato Umar, mijin 'yarsa Faɗima, ya hau a shekara ta 99.